A Bincika Cikin Taskar Sarki

Nazarin Littafi Mai Tsarki na wannan wata. Abin karantawa: Ezra sura 4, 5 da 6, Haggai sura 1, Nehemiya 2:1-8.

Masu karatu da yawa su kan tsallake waɗannan surori uku na Littafin Ezra. Da sun ga sunaye masu wuyar faɗi, su Bishlam da Mitredat da Shetar-bozenai, suka kuma ga wasiƙa bisa wasiƙa, sai su ce wannan aikin magatakarda ne, babu abincin rai a ciki. Amma wanda ya taɓa aza harsashin gini, tubali ya kai gwiwa, sa'an nan aka zo aka ce masa ya dakata sai an ji daga fada, ba zai tsallake su ba. Ku ɗauko Littafinku ku buɗe, gama ba za mu kwafe ayoyin a nan ba. Za mu bi su ne, ku kuwa kuna dubawa.

Ga yadda al'amarin ya taso. Nebukadnezzar sarkin Babila ya rushe Urushalima, ya ƙone Haikali, ya kwashe mutanen Yahuza zuwa zaman talala a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Ku tuna, shekarun wancan zamani da baya da baya a ke ƙidaya su, watau 586 ta riga 539. To, a 539 ɗin Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, da shekara ta kewayo kuwa ya ba Yahudawa izni su koma su gina ɗakin Allahnsu. Ezra 2:64 ta ce jama'ar da suka koma su 42,360 ne. Suka gina bagade, suka aza harsashi, samari suna sowa, tsofaffin da suka san Haikali na fari suna kuka.

Mutanen gabashin Sakkwato ba su bukatar dogon bayani a kan komawa kango. Waɗanda ambaliyar gulbin Rima ta tasa a 2010 a ƙasar Goronyo da Wurno sun sani, haka kuma waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Rabah tun daga 2018. Mutum ya kan dawo ya iske ɗaki ya faɗi, rijiya ta cike, wani lokaci ma gonarsa wani ya shiga. Yahudawa kuwa shekara wajen 50 suka yi ba su nan. Waɗanda suka zauna a ƙasar a bayansu sun riga sun saba da ganin Urushalima a kwance. Su ne suka zo wurin Zarubabel suka ce a yi ginin tare da su, wai su ma suna miƙa hadaya ga Allah ɗaya tun zamanin da Esar-haddon sarkin Assuriya ya kawo su ƙasar. Zarubabel da sauran shugabanni suka ƙi. In kun duba 2 Sarakuna 17:33 za ku ga dalili: mutanen suna tsoron Ubangiji, suna kuma bauta wa gumakansu, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Daga ranar da aka ƙi su sai suka juya. Ba su zo da baka da kibiya ba, alƙalami suka ɗauka.

Yadda Wasiƙa Ta Ke a Fadar Sarki

Kafin mu karanta wasiƙun, ya kamata mu san ƙarfin takarda a irin wannan mulki. Ba sai mun je nesa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ya kafa Wurno ribaɗi, a can ya rasu a 1837, kabarinsa kuwa yana can. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama. Daga wannan gari na bakin Rima a kan aika da magana har Kano da Zazzau da Bauci da Adamawa, tafiyar kwanaki da yawa. Sarki ba ya iya zuwa ko'ina da kansa, sai wasiƙa mai hatiminsa ta je a madadinsa. A 1853 wani matafiyi Bajamushe, Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya yi wajen wata guda a Wurno, babban abin da ya nema a wurin Aliyu kuwa shi ne takardar da za ta buɗe masa hanya. Gidan Waziri shi ne ke riƙe da yawancin wannan aiki. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun iske wasiƙu da yawa ajiye a gidan Waziri Buhari, aka juya su da Turanci, aka buga su a Ikko a 1927. Masu wasiƙun duk sun mutu, maganarsu tana nan.

Ku lura da wani abu kuma. Mutanen da suka yi waɗannan wasiƙu Hausa da Fulatanci su ke ji a gida, amma da Larabci suka rubuta, gama shi ne harshen fada. Haka ya ke a mulkin Farisa. Ƙasar ta miƙe daga Masar har bakin Hindu, harsuna ba iyaka, sai aka mai da Aramiyanci harshen wasiƙa. Shi ya sa daga Ezra 4:8 har 6:18 marubucin ya bar Ibrananci ya koma Aramiyanci. Ya ajiye mana takardun da harshen da a ke rubuta irinsu. In wasiƙa ta iso fada, sai a karanta, tafinta ya juya wa sarki, kamar yadda 4:18 ta nuna. Hirudotus, marubucin Helenawa, ya ba da labarin hanyar sarki daga Sardis zuwa Shushan, mai zango 111, tafiyar kwana 90 ga mai ƙafa. 'Yan aiken sarki kuwa a kowane zango su kan sami doki da mahayi a shirye, wannan ya miƙa wa wancan jaka, dare da rana.

Jerin Sarakunan

A nan ne mutane da yawa su kan rikice, don haka mu jera sarakunan: Sairus ya mutu a 530, ɗansa Kambisis ya yi sarauta har 522, sai Dariyus daga 522 zuwa 486, sai Ahasurus, mijin Esta, daga 486 zuwa 465, sai Artashate daga 465 zuwa 424.

An gama Haikali a zamanin Dariyus. Amma sura 4 ta ambaci ƙarar da aka kai wa Ahasurus a aya 6, da wasiƙun da aka aika wa Artashate daga aya 7, su kuwa a bayan Dariyus suka yi sarauta. Ashe marubucin bai bi jerin shekaru ba a nan. Ya fara labarin gaba a aya 1 zuwa 5, sai ya ce bari ya tattara mana dukan ƙararrakin a wuri ɗaya, har na shekara 70 gaba, sa'an nan a aya 24 ya komo inda ya tsaya. Haka tsoho ya kan yi in yana ba da labarin rikicin iyakar gona: ya kan haɗa na kaka da na jika, sa'an nan ya ce, to, mu koma baya. In kuna so ku tabbata, ku duba wasiƙar Rehum. Ba ta ambaci Haikali ko sau ɗaya ba. Maganar birni da garu kaɗai ta ke yi.

Wasiƙar Rehum da Shimshai

Rehum shi ne mai mulki a Samariya, Shimshai kuwa magatakarda. Wasiƙarsu tana 4:11-16, gajeriya ce, amma gwanaye ne suka tsara ta, ya kamata mu tsaya a kanta.

Da fari ba su rubuta da sunansu kaɗai ba. Sun jero alƙalai da hakimai da mutanen Erek da Babila da Shushan, don sarki ya ga kamar dukan lardin ne ke kuka. Sunan lardin nan Ƙetaren Kogi, watau ƙasashen da ke yamma da kogin Yufiretis, kamar yadda mutumin Wurno zai ce ƙetaren gulbi. Sa'an nan tun kafin su faɗi laifi sun riga sun laƙaba wa birnin suna, sun kira shi mai tawaye, mugu. Daga nan sai suka taɓa inda ke yi wa kowane sarki ƙaiƙayi: suka ce in an gama garun nan, mutanen ba za su ƙara biyan haraji iri uku da a ke karɓa ba, baitulmali zai ragu. Wannan makami bai tsufa ba. Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, ya kuma riƙe hakimcinta daga 1934, an kai sararsa a 1943, sa'ad da ya ke aiki a Gusau, cewa ya ci kuɗin jangali. Aka yanke masa ɗauri a Sakkwato, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka bincika aka wanke shi. Mai son ya kā da mutum a gaban sarauta ya san ba ƙofar da ta fi ta haraji saurin buɗewa.

Suka kuma nuna kansu bayi masu aminci. Aya 14 a harshen asali tana maganar cin gishirin fada, watau su barorin sarki ne, daga hannunsa su ke ci, ba za su iya zura ido a ci mutuncinsa ba. Ƙiyayyarsu ga Yahudawa ba su ambace ta ba ko kaɗan. A ƙarshe suka roƙi sarki ya sa a bincika littattafan tarihin kakanninsa, ya gani da kansa.

To, 'yan'uwa, abin da ya sa wasiƙar nan ta yi dafi shi ne akwai gaskiya a cikinta. Hezekiya ya tayar wa sarkin Assuriya, 2 Sarakuna 18:7. Yehoyakim ya tayar wa Nebukadnezzar, 24:1. Zadakiya ma haka, 24:20. Duk wanda ya buɗe kundin zai iske su a rubuce. Ƙari kuma, a wajen 460 Masar ta yi wa Artashate tawaye, mutanen Atina suna taimakonta, aka yi shekaru ana yaƙi, Yahuza kuwa tana kusa da hanyar Masar. Sarkin da ke cikin wannan hali, in aka ce masa ana ta da garu a wani birni mai tsohon suna na tawaye, me ku ke tsammani zai yi? Abin da Rehum ya ɓoye shi ne, tawayen baya-bayan nan ya fi shekara 120 da wucewa, mutanen da ke ginin kuwa 'yan kaɗan ne, matalauta, ba su da sarki, ba su da rundunar yaƙi. Ya ɗauki laifin matattu ya aza wa masu rai.

Sarki ya sa aka bincika, aka sami abin da aka ce a nema. Ya ba da umarni a tsai da aikin. Rehum da Shimshai ba su ɓata lokaci ba, suka yi gaggawa zuwa Urushalima suka hana ginin ƙarfi da yaji. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Artashate bai ji ta bakin Yahudawa ba, ba a kuwa ce an tambaye su ba. Amma ku sa alama a kan aya 21, inda ya ce a dakata sai ya sake ba da wani umarni. Za mu komo ga wannan 'yar ƙofa da ya bari a buɗe.

Wa Ya Tsai da Ginin Haikali?

Yanzu mu koma baya tare da marubucin. In wasiƙar Artashate ta garu ce, ba ta Haikali ba, to, wane sarki ne ya hana ginin Haikali daga wajen 536 har 520? Ku nema a cikin surorin, ba za ku sami umarnin wani sarki ba. Abin da 4:4-5 ta faɗa shi ne an karya wa mutanen gwiwa, an tsorata su, an kuma ba waɗansu fadawa toshiyar baki don su riƙa ɓata shawara. Iznin Sairus yana nan, ba wanda ya soke shi. Shekara wajen 16 harsashi yana kwance, ciyawa tana tsirowa a kai.

Annabi Haggai ne ya tone abin da ke ƙasa. A shekara ta 2 ta Dariyus, watau 520, ya ce mutane suna ta cewa lokacin gina ɗakin Ubangiji bai yi ba tukuna, alhali kuwa kowa ya sami lokacin gyara nasa gida har da rufin katako. Bai ambaci maƙiya ba ko da kalma ɗaya. Ni a ganina wannan ita ce aya mafi zafi cikin nazarin nan duka. Tsoron da ya tsai da su da fari na gaske ne, ba mai musu. Amma da shekaru suka yi nisa sai tsoron ya zama inuwa mai daɗin zama. Akwai ekklesiyar da in ka tambayi dalilin da gininta ya tsaya za a ce maka an hana. In ka ce wa ya hana, ina takardar, sai ka ji wane ne ya ce wane ya ce. Haggai ya yi magana ran 1 ga wata na 6, ran 24 ga watan mutane suka kama aiki.

Tattenai Ya Zo da Tambaya

Da aiki ya kankama sai ga Tattenai, gwamnan Ƙetaren Kogi, da Shetar-bozenai da abokansu. Wannan mutum sananne ne har a waje da Littafi Mai Tsarki, gama an sami wani allon yumɓu na Babila, na shekara ta 20 ta Dariyus, watau 502, mai ɗauke da sunansa da sarautarsa. Tambaya biyu ya yi: wa ya ba ku izni, kuma mene ne sunayen masu ginin?

Masu wa'azi da dama su kan haɗa Tattenai da Rehum su ce duk maƙiya ne. Ban yarda ba. Ku tuna halin da a ke ciki. Dariyus ya hau gadon sarauta a 522 cikin hargitsi, larduna suka yi ta tayarwa, Babila kanta sau biyu, har ya sa aka sassaƙa labarin yaƙe-yaƙen a jikin dutsen Behistun da harsuna uku. Shekara biyu bayan wannan, gwamna ya iske ana jera manyan duwatsu ana sa katako cikin bango, mai jan aikin kuwa, Zarubabel, jikan sarkin Yahuza ne. Da bai yi tambaya ba, da bai yi aikinsa ba. Ku kwatanta wasiƙarsa a 5:7-17 da ta Rehum. Bai zagi birnin ba. Ya je da ƙafarsa ya gani. Ya tambayi dattawa, ya rubuta amsarsu yadda suka faɗa, har ta cinye fiye da rabin wasiƙar. Bai kuwa tsai da aikin ba kafin amsa ta zo. Marubucin ya ce dalili shi ne idon Allah yana kan dattawan Yahudawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama wasiƙa ta je, a yi bincike, amsa ta dawo, maganar watanni ce; Ezra da ayarinsa wata 4 suka yi daga Babila zuwa Urushalima. Duk kwanakin nan bango yana ta hawa.

Amsar dattawan ita ce abin koyo. Sun fara da faɗin ko su wane ne: bayin Allah na sama da ƙasa. Ba su ɓoye bangaskiyarsu don gwamna ya ji daɗi ba. Sa'an nan suka faɗi abin da Rehum zai so ya tona a wani zamani, suka faɗe shi da bakinsu: an rushe ɗakin nan ne domin kakanninsu sun tsokani Allah, shi ne ya bashe su a hannun Nebukadnezzar. Mutumin da ya riga ya faɗi laifin gidansu, me ya rage wa mai tsegumi? Daga nan sai suka kawo magana mai kan gado, wadda magatakarda zai iya bi: sarki Sairus ne, a shekararsa ta fari, an mayar da tasoshin zinariya da na azurfa, an danƙa su ga wani mai suna Sheshbazzar, shi ne ya aza harsashi. Suna, da shekara, da kaya, da hannun da ya karɓa. Shekara 18 ta wuce, sarakuna biyu sun mutu, amma dattawan ba su manta ko ɗaya ba.

Tattenai ya rufe wasiƙarsa da roƙo irin na Rehum: a bincika cikin taskar sarki. Taskar ɗaya ce, kundin tawaye yana ciki, iznin Sairus ma yana ciki. Magatakardan sarki kuwa abin da aka aike su nema shi su ke fitowa da shi. A zamanin Rehum maƙiyi ne kaɗai ya faɗi abin da za a nema. A zamanin Tattenai dattawa sun sami bakin magana, suka kuwa san abin da za su ce a nema.

Aka duba a Babila, amma ba a can aka samu ba. A Akmeta aka samu, cikin ƙasar Mediya, garin da a ke kira Hamadan a Iran ta yau. Gari ne na kan tudu mai sanyi, inda sarakunan Farisa su kan tafi da bazara su guje wa zafi. Wani ma'aikaci da ba a faɗi sunansa ba bai ce babu ya koma ya zauna ba, aka bi sawu har wani birni, aka fito da naɗaɗɗiyar takarda. Da tsohuwar zuma a ke magani. A ciki an rubuta tsayin ɗakin kamu 60, faɗinsa kamu 60, jeri 3 na manyan duwatsu da jeri 1 na katako, kuɗin kuwa daga gidan sarki.

Kada mu ɗauka Sairus ya tuba ne ya bi Ubangiji. A 1879 an tono wani gungumen yumɓu mai rubutu a kangon Babila, yana gidan ajiyar kayan tarihi a London, inda Sairus ya ke yabon Marduk gunkin Babila, yana kuma faɗin yadda ya mayar da gumakan garuruwa da mutanensu wurarensu. Bai ambaci Yahudawa a ciki ba, amma ya nuna mana dabarar mulkinsa. Ishaya 45:4-5 ta riga ta faɗa cewa Ubangiji ya kira shi da suna ko da ya ke bai san shi ba.

Amsar Dariyus ta wuce abin da kowa ya roƙa. Ya ce wa Tattenai da mutanensa su yi nesa da wurin, su ƙyale aikin. Ya ce a biya kuɗin ginin daga harajin Ƙetaren Kogi, a kuma ba firistoci bijimai da raguna da 'yan tumaki, da alkama da gishiri da ruwan inabi da mai, kowace rana ba fashi, domin su yi addu'a saboda ran sarki da 'ya'yansa. Wanda ya sāke umarnin kuwa a zare azara daga ɗakinsa a tsire shi a kai. Tattenai ya aikata duka da himma, 6:13. Aka gama Haikali ran 3 ga watan Adar a shekara ta 6 ta Dariyus, watau farkon 515, aka keɓe shi da bijimai 100, raguna 200, 'yan tumaki 400, da bunsuru 12 domin kabilan Isra'ila.

Ina Takardarku?

Akwai waɗansu Yahudawa da suka zauna a wani tsibiri na kogin Nilu, kusa da Aswan a Masar. A 410 aka rushe musu ɗakin sujada. A 407 suka rubuta da Aramiyanci zuwa ga gwamnan Yahuza da 'ya'yan Sanballat na Samariya suna neman a sa baki a bar su su sake gini. Mun san wannan ne domin sun ajiye kwafin wasiƙarsu, aka tono shi cikin ƙasa a farkon ƙarni na 20. Talakawan sojan haya ne a bakin iyaka, amma sun san kada a aika da takarda ba a bar 'yar'uwarta a gida ba.

Dattawan ekklesiya, ku tambayi kanku. Filin da ɗakin sujadarku ke kai, wa ya ba ku, a wace shekara, su wa ne shaidu? Da yawa tsohon mai gari ne ya nuna da sanda ya ce daga nan zuwa can, don kirki da zumunci. Ya rasu, shaidun sun rasu, jikoki kuwa ba su ji ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaida, a karkara kuma ƙaramar hukuma tana da ikon ba da iznin zama bisa ga al'ada. Ku nemi abin da za ku iya samu tun dattawan da suka san maganar suna da rai. Ku rubuta, a sa hannu, ku yi kwafi, ɗaya a wurin magatakardan ekklesiya, ɗaya a ofishin gunduma, gama gara da ruwa da wuta ba su san hatimi ba. In ma'aikaci ya zo yana tambaya, kada ku ɗauke shi maƙiyi tun daga ƙofa. Ku shimfiɗa masa tabarma, ku amsa masa da gaskiya, har da abin da ba ya yi muku daɗin faɗi, ku kuma riƙa yi wa masu mulki addu'a yadda 1 Timoti 2:1-2 ta umarta.

Ba na ce takarda kullum ta kan ci ba. Akwai jama'ar da suka bi kowace ƙofa shekara da shekaru ba su samu ba, Littafin kuwa bai ɓoye mana cewa an taɓa tsai da masu gaskiya ƙarfi da yaji ba. Amma ku lura, iznin Sairus na ɗakin Allah ne, bai ambaci garun birni ba. Masu ginin garu a zamanin Rehum ba a ce suna da wata takarda da za su nuna ba.

Nehemiya ya gane wannan. A shekara ta 20 ta Artashate, watau 445, labari ya iske shi a Shushan cewa garun Urushalima a rushe ya ke, ƙofofinta a ƙone. Sarkin da ya ke ba abin sha shi ne wanda ya sa hannu a kan umarnin dakatawa. Wata 4 Nehemiya ya yi yana addu'a kafin ya buɗe baki. Da ya yi magana bai kira sunan Urushalima ba, birnin kaburburan kakanninsa ya ce. Ya shiga ta 'yar ƙofar nan ta Ezra 4:21. Sarki ya yarda, amma Nehemiya bai tashi da yardar baki kaɗai ba. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga gwamnonin Ƙetaren Kogi don su bar shi ya wuce, da wata zuwa ga Asaf mai tsaron kurmin sarki don katakon ƙofofi da na garu. Sanballat ya yi ba'a, ya yi kurari, har ya aiko da buɗaɗɗiyar wasiƙa mai tsohon zargin nan na tawaye, yana cewa maganar za ta kai kunnen sarki. Nehemiya ya aika masa cewa shi ya ƙaga ta a zuciyarsa, ya koma kan aiki. Aka gama garun ran 25 ga watan Elul, cikin kwana 52.